INJINIYA A LITTAFI, INJINIYA A TUNGAR DAJI



Na san da yawanku ci gaban labari kuka leƙo nema, to amma ku yi mini haƙuri yau in ɗan tsoma baki cikin wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Kuma ma maganar ba ta yi nisa da littattafanmu ba. Duk wanda ya saba karatun littattafan Hausa ya san jarumin labari in ba Dakta ba ne to Barista ne, in kuwa ba Barista ba ne to Injiniya ne. Za ka ji an ce ya gama digirinsa a Ingila ko Malesiya, ya sauka filin jirgin Malam Aminu Kano ranar Laraba, kafin Litinin an ba shi kwangilar gina gada, sauran aiki sai neman aure. Ban taɓa cin karo da jarumin da aka ce ya tsaya ya yi rajista ba, balle a tambayi ko kwas ɗin da ya karanta an tantance shi. A ƙauye kuwa abin ya fi haka sauƙi, domin duk wanda ya iya kwance janareta ya mayar, ko ya gyara injin niƙa, sunansa Injiniya har ya mutu. Ba na ganin laifin marubuta ko na mutanen ƙauye. Ni kaina haka na ɗauki abin, sai da ya zo har cikin gidanmu ya koya mini hankali.

Dangin mahaifiyata mutanen Tungar Daji ne, a ƙasar Anka ta Jihar Zamfara. Wanda ya san sunan garin nan daga nesa, to ta dalilin masifar 2010 ya san shi. A waccan shekarar ne yara ƙanana suka riƙa suma suna sanƙarewa suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma da Abare da Sunke da Duza da Tungar Guru da Bagega, da ita kanta Tungar Daji. Da fari an ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, wasu suka ce iska ce. Sai da likitocin ƙungiyar MSF suka lura magani ba ya ci, aka gwada jinin yaran, sannan aka gane gubar dalma ce. Dutsen da ake haƙowa don neman zinari cike yake da dalma. Ana kawo shi cikin gida a farfasa, a niƙa da injin niƙan hatsi, a shanya a tsakar gida, a daidai wurin da yaro ke rarrafe yana kai hannu baka. Kimanin yara 400 suka rasu. A ƙauyuka biyu na farko da masana na hukumar CDC ta Amurka suka bincika, an tarar yaro 118 cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun mutu a cikin shekara guda, wato ɗaya cikin kowane huɗu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, likita shi kaɗai bai isa ya kawo ƙarshen wannan masifa ba. Ba a ba yaro maganin fitar da dalma daga jini sannan a mayar da shi gidan da ƙasarsa ke cike da guba, domin kuwa an yi tufka da warwara ke nan. Sai an fara kankare ƙasar tukuna, kuma wannan aikin injiniyoyi ne. Wani kamfanin injiniyoyin muhalli mai suna TerraGraphics daga Jihar Idaho ta Amurka, wanda ya daɗe yana irin wannan aiki a garuruwan masu haƙar dalma na can, shi ya tsara aikin tare da Cibiyar Blacksmith da ma'aikatan muhalli na jiha da mutanen gari. Suna bi gida-gida da na'ura suna auna ƙasa, a kankare samanta a zuba a buhu, a kai ramin da aka tanada a binne, a kawo sabuwar ƙasa mai tsabta a shimfiɗa. An fara da Dareta da 'Yargalma a tsakiyar 2010. Tungar Daji ta shiga zagaye na biyu, daga ƙarshen 2010 zuwa farkon 2011. Bagega kuwa sai 2013, bayan an sha jan ƙafa wajen sakin kuɗi.

A lokacin akwai wani ɗan kawuna, yaro ɗan shekara goma sha biyu, wanda ƙanwarsa tana cikin waɗanda aka binne. Ya riƙa tsayawa daga nesa yana kallon masu auna ƙasar nan, tun daga nan kuma ya ƙudurta a ransa cewa shi injiniya zai zama. Yaro mai ƙwazo, ya yi sakandare a Gusau, ya ci jarrabawar JAMB, ya sami gurbi a sashen injiniyanci na wata jami'a da ba zan kama sunanta ba. Kawu ya sayar da shanun huɗarsa tun ɓarayin daji ba su riga shi ba, daga baya ya jinginar da gonar fadama. Karatun shekara biyar ya koma kusan bakwai, saboda annobar korona da yajin aikin malamai na 2020, da kuma na 2022 wanda ya ci wata takwas cur. Ya gama, aka yi walima, tsofaffi suka sa albarka, gari ya ɗauka an yi Injiniya.

A wajen bautar ƙasa aka tura shi wani kamfanin gine-gine. Nan wani babban injiniya da ya ga hankalinsa ya zaunar da shi don ya nuna masa hanyar rajista. Ya buɗe jerin kwasa-kwasan da hukumar COREN ta tantance, ya duba sama ya duba ƙasa, ga sunan jami'ar amma babu kwas ɗin yaron. Ya ce masa, "Ɗana, ka yi haƙuri, da wannan takardar kaɗai ba za a yi maka rajista ba, sai ka ƙara wani karatun a inda aka tantance."

Da na je wa Kawu da bayani, sai ya yi shiru can ya ce, "To ɗana, shekarun da yay yi can, mi anka koya mai? In karatun banza na, don mi sunka amshi kuɗɗina?" Wallahi har yau ban sami amsar da zan ba shi ba. Abin da na iya kawai shi ne na je na bi diddigin yadda abin yake, ga shi kuma ina faɗa muku.

Ashe ƙofa biyu ce, mu kuwa ɗaya muka sani. Ta farko ita ce Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, wadda aka kafa a 1962. Ita ke ba jami'a izinin buɗe kwas, ita ke zuwa lokaci-lokaci ta duba malamai da ɗakunan karatu da laburare, sannan ta yanke hukunci: cikakkiyar amincewa ta shekara biyar, ko ta wucin gadi ta shekara biyu, ko kuma ta hana baki ɗaya. Idan kwas ya tsallake wannan ƙofa, digirinsa digiri ne, za a kira mai shi bautar ƙasa. Kwas ɗin yaronmu ya tsallake ta, shi ya sa babu wanda ya yi zargin komai. Ƙofa ta biyu ita ce ta masu sana'ar kansu, wato COREN, majalisar da ke tsara aikin injiniya a Nijeriya. Doka mai lamba 55 ta 1970 ce ta kafa ta, aka yi wa dokar gyara a 1992, aka sake yi mata wani gyaran da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2019. Ita ma tana aika nata mutanen su duba kwas, kuma ita kaɗai ke da ikon cewa wane injiniya ne a idon doka. Ko wanda ya fito daga kwas ɗin da ta tantance ba a ranar zai zama injiniya ba. Sai ya yi aƙalla shekara huɗu yana aiki, ya rubuta rahoton abin da hannunsa ya taɓa, ya zauna gaban manya su yi masa tambayoyi, sannan a ba shi lamba da hatimi, kuma duk shekara sai ya sabunta lasisi. Wannan hatimin shi ake bugawa a kan zanen gini ko gada, ma'anarsa kuwa ita ce, idan abin nan ya rushe ga wanda za a kama. Akwai kuma Ƙungiyar Injiniyoyi ta Nijeriya, NSE, wadda aka kafa a Landan a 1958, amma ita ƙungiya ce ta 'yan sana'a, lasisi na hannun COREN.

To a nan nake ganin zalunci na farko. Jami'a ta san ƙofa biyu ce. Shugaban sashe ya sani, shugaban tsangaya ya sani, domin su ma ta nan suka bi. Wanda bai sani ba shi ne manomin Tungar Daji da ɗansa. Duk da haka sai a buɗe kwas, a ɗebi ɗalibai, a karɓi kuɗin makaranta shekara da shekaru, ana cewa ai tantancewa tana nan tafe. Ta yiwu ta zo, ta yiwu ta zo bayan wasu sun riga sun fita. Ni a nawa ganin, duk jami'ar da za ta ba yaro takardar shiga sashen injiniyanci, wajibi ne ta rubuta masa ɓaro-ɓaro a jikin takardar matsayin kwas ɗin a wurin NUC da matsayinsa a wurin COREN, da shekarar da amincewar za ta ƙare. Mai sayar da saniya a kasuwar Anka ma in ya ɓoye aibinta ana mayar masa da abarsa, ina ga mai sayar da shekara biyar ta rayuwar ɗan mutum?

Zalunci na biyu ya fi wannan muni, domin shi hatimin yana nan amma ƙarya ke ƙarƙashinsa. Wani abokina malamin jami'a ya ba ni labarin yadda ake shirin tarbar masu tantancewa a wasu wurare, na yi dariya har na koma ina jin kunya. Sati biyu kafin su iso za a yi fenti. A aro injina daga wata makaranta ko daga garejin wani attajiri, a goge su a manna musu lambar jami'a. A aro farfesoshi daga jami'o'in maƙwabta, a liƙa sunayensu a ƙofofin ofis, su zo su zauna kwana uku a sallame su. A jera sababbin littattafai a laburare. Baƙi su zo su zaga, su ci abinci, su tafi. Washegari mota ta zo ta kwashe kayan aro. Ba duk jami'a ke haka ba, kuma ba duk masu tantancewa ake rufe wa ido ba, amma duk wanda ya zauna a jami'o'inmu ya taɓa jin irin wannan labari. Ko a 2012, kwamitin da Gwamnatin Tarayya ta kafa ƙarƙashin Farfesa Mahmood Yakubu don duba buƙatun jami'o'in gwamnati ya tarar da ɗakunan gwaje-gwajen da ake kunna risho a maimakon murhun gwaji. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Matsalar ita ce katarar da za ta fito ba ta shugaban jami'a ba ce, ta mutanen da za su shiga ginin ce. Mun ga bene mai hawa 21 da ya rufta a Ikoyi ta Legas ranar 1 ga Nuwamba 2021 ya kashe mutum sama da 40. Mun ga na titin Beirut a Kano a watan Agustan 2022. Mun ga makarantar da ta rufta wa ɗalibai a Jos a watan Yulin 2024, rai 22 suka salwanta. Kowane da nasa dalilin, amma bayan kowane tambaya guda ake yi: wa ya zana, wa ya duba, wa ya sa hannu?

Na san abin da wasu za su ce, domin an riga an faɗa mini a majalisa. Wani ya ce ai duk wannan hanyar tatsar kuɗi ce kawai, yau NUC gobe COREN, jami'ar da ba ta iya sayen man janareta ana ɗora mata hidimar baƙi sau biyu. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, kuma da hukumomin biyu za su riƙa zuwa tare a rana ɗaya da an rage wahala. Wani kuma ya ce, shin maƙerin da ya haɗa injin niƙan nan, da mutumin da ya fara zuba dutse a cikinsa, wace takarda za ta hana su? Shi ma ya yi gaskiya. Babu hatimin da zai hana talaka neman abin da zai ci, ga zinari a bayan gari, ga farashinsa ya yi tashin gwauron zabo a waɗancan shekarun. Amma a duba daga ina magani ya fito. Bayan an kankare ƙasa, abin da ya rage shi ne yadda za a ci gaba da niƙa dutse ba tare da ƙura ta tashi ba: a fitar da aikin daga cikin gida, a riƙa fesa ruwa a bakin injin ko a koma niƙan jiƙe, a tanadi wurin wanka da canza tufafi kafin a koma cikin iyali. MSF da wata ƙungiya mai suna OK International sun gwada irin waɗannan dabaru da masu haƙar, ƙurar dalma ta ragu ƙwarai. Wannan ba ilimin zuwa duniyar wata ba ne. Aiki ne da ya kamata a ce ɗan aji huɗu a sashen injiniyan inji ya iya tsarawa, in dai da gaske ya taɓa ƙarfe a makaranta ba a allo kawai ya gan shi ba. Kuma shi maƙerin ma dokar ba ta manta da shi ba, domin rajistar COREN hawa huɗu ce: injiniya, da masanin fasaha mai babbar difloma, da mai ƙaramar difloma, da gwanin aikin hannu. Kowa da matsayinsa, kowa da iyakar abin da zai sa wa hannu.

Abin da ke ba ni takaici shi ne ba baƙi ba ne mu a wannan fage. Jami'ar Ahmadu Bello ta gaji sashen injiniyanci daga tsohuwar Kwalejin Fasaha ta Zariya tun ranar da aka buɗe ta a 1962. Kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha da ke Talata Mafara sunan injiniya ɗan ƙasa take ɗauke da shi, marigayi Abdu Gusau. Ga ta tarayya a Ƙauran Namoda tun 1983, ga Jami'ar Tarayya a Gusau tun 2013. Amma da ƙasa ta zama guba a Anka, sai da aka ɗauko masu tsara aikin daga Idaho. Kuma darasin bai zauna ba, domin a 2015 irin wannan guba ta sake kashe yara a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja.

Akwai labari mai daɗi, kada a ce ban faɗa ba. A 1989 ƙasashe shida, wato Amurka da Birtaniya da Kanada da Ostareliya da Ayalan da Niyu Zilan, suka ƙulla abin da ake kira Yarjejeniyar Washinton, cewa kowace za ta mutunta digirin injiniyancin da 'yar'uwarta ta tantance. COREN ta shiga a matsayin ta gwaji a 2018, ta zama cikakkiyar mamba a watan Yunin 2023, ta biyu a Afirka bayan Afirka ta Kudu. Mutane sun fi murna da cewa yanzu yaranmu za su sami sauƙin aiki a waje. Ni ba wannan ya fi burge ni ba. Sharaɗin yarjejeniyar shi ne a daina tsayawa ga ƙidayar kujeru da injina, a koma tambayar me ɗalibin ya iya bayan ya gama, a duba takardun jarrabawarsa da aikin da ya yi da hannunsa, a ji ta bakin waɗanda suka ɗauke shi aiki. Ana iya aron injin kwana uku, amma ba a aron abin da ke cikin kan ɗalibi. In har da gaske za a bi wannan, to ina roƙon masu tantance jami'o'in yankinmu su ƙara tambaya ɗaya a cikin takardarsu: cikin ayyukan kammala karatu da ɗalibanku suka yi, nawa ne suka shafi ƙurar dutse, ko ruwan sha, ko ramin haƙa da ke ruftawa da mutane, ko ambaliyar da ke cin Gummi? Ga shi an ɗage haramcin haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Disambar 2024, bayan an sa shi tun Afrilun 2019. MSF kuwa ta miƙa aikin dalma ga hukumomin jiha tun 2022. Masu niƙa dutse suna nan ba su je ko'ina ba. Ita ma sana'ar haƙa tana da tata majalisar, COMEG, wadda dokar 1990 ta kafa don yi wa injiniyoyin ma'adinai da masana duwatsu rajista, amma je ka Bagega ka tambaya ko an taɓa jin sunanta.

Ku kuma iyaye da yayye, musamman ku da ke da waya a hannu kuna karanta wannan, nauyin ya dawo kanku, tunda tsofaffinmu ba su san hanya ba. Kafin a sayar da akuya ko ɗaya, a shiga intanet a duba jerin da COREN ke fitarwa. Kada a tsaya ga sunan jami'a, domin kwas-kwas ake tantancewa, jami'a guda tana iya samun amincewa a injiniyan gine-gine ta rasa a na lantarki. A duba shekarar da amincewar ta fara da shekarar da za ta ƙare. Idan an ce muku tana nan tafe, ku ce to ku ma kuɗinku yana nan tafe. Wanda kuma zai tura ɗa Nijar ko Kwatano ko Sudan, ya fara tambaya ko za a karɓi takardar in ya dawo, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Su kuma 'yan'uwana marubuta, ba na cewa ku daina ba mu Injiniya a labari. Amma ko sau ɗaya a ba mu wanda aka kawo wa zanen bene da ambulan a ƙarƙashinsa, ya ƙi buga hatimi, a ga yadda za ta kaya tsakaninsa da surukinsa ɗan kwangila.

Yaronmu dai yana Kaduna yanzu, yana aikin duba leburori a wajen wani gini da rana, yana tara kuɗin ƙarin karatun da aka ce sai ya yi. Gonar fadama tana hannun wanda aka jinginar wa. Da na je gaisuwa kwanakin baya, na tarar mutanen gari ba su fasa kiransa Injiniya ba, shi kuwa Kawu tun daga ranar nan da sunan yanka yake kiransa.